Turbo biyu na ɗora wa motata, har yanzu salansa na fitar da shuɗin hayaƙi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da tsohuwar Honda Civic mai injin fetur 1.6, wanda daga kamfani ba shi da turbo. Wata huɗu ke nan da ni da bakanikena muka ɗora masa. Mota ta yi ƙarfi, ba laifi, sai dai da zarar ta tsaya a silo ko na ɗaga ƙafa daga totur, shuɗin hayaƙi ke biyo salansa, baƙin mai kuma yana raguwa. Bakanike ya ce sil ɗin turbo ne ya mutu, muka sayo wani na Beljiyam muka sa, ko sati biyu bai yi ba shi ma ya fara. Man da ke shiga turbo daga wajen suwic ɗin fitilar mai muka ɗauko shi. Na dawowa kuma tiyon ruwa ne na rabin inci, muka zagayo da shi ƙasa muka haɗa a inda ake kwance noti a juye mai. Yanzu ya ce a sa noti mai ƙaramin rami don a rage man da ke shiga. In yarda? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka sa wannan notin tukuna, kuma kada ka jefar da turbon farko in yana nan, don da wuya a ce wani abu ya same shi. Amsar tambayarka tana cikin tambayar da kanta: tiyon ruwa na rabin inci, da aka haɗa a wajen notin juye mai. Ko sabon turbo dal a kwali ka ɗora a kan wannan haɗin, hayaƙi zai yi.

Abin da ke ruɗar bakanike da yawa shi ne kalmar sil. Da an ce sil, hankali ya tafi kan irin na roba da ke bakin karanshaf, wanda ke matse ƙarfe ya hana mai wucewa. A cikin turbo babu wannan. Sandar da ke tsakiya, wadda ke haɗa fankar gefen salansa da fankar da ke matsa iska zuwa inji, tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, ƙananan turbo ma suna haura 200,000, gefen salansa kuma iskar da ke ratsa shi a injin fetur takan kai digiri 900 na zafi. Roba ba ta da wurin zama a nan. Abin da aka sa wasu 'yan zobba ne na ƙarfe, kamar ringin fistin amma ƙanana, har da ɗan tsagi a jikinsu. Babban aikinsu su hana iskar salansa da iskar da aka matsa shiga cikin gidan boris. Ba a yi su don tare man da ya taru a bayansu ba. Masu ƙera turbo sun dogara ne da cewa mai zai wanke boris, sandar ta watsar da shi gefe, ya zubo ƙasa ya fice nan take, ba tare da ya taɓa cika ɗakin ya kai bakin zoben ba. Ranar da ya cika ya kai can, zai bi ta tsagin ya fita, ko zoben sabo ne.

To mai yana shiga turbo da ƙarfin famfo, amma babu famfon da ke fitar da shi. Nauyinsa kawai ke sauko da shi. Kuma ba a yadda ya shiga yake fitowa ba. In ka taɓa cire tiyon ƙasa inji na aiki, za ka ga abin da ke zubowa ya yi fari-fari, ya kumbura da kumfa kamar an kaɗa ƙwai, domin sandar nan ta buge shi da iska. Mai mai kumfa ya fi cin wuri, ya fi nawa wajen gangarowa. Shi ya sa bututun shiga yake siriri, kwatan inci, wanda a kasuwar kayan gyaran motocin tsere ake kira 4AN, na fita kuwa ƙato, 10AN, wato inci biyar bisa takwas, kusan milimita 16. Naka na rabin inci bai kai milimita 13 ba, kafin ma a cire abin da bakin haɗin ke cinyewa a ciki.

Amma girman ba shi ne babban laifin ba. Notin juye mai shi ne wuri mafi ƙasa a kaskon inji, duk man da ke cikin kaskon a kansa yake zaune. Ka ɗauki misalin kwata da ta zube cikin kududdufi ta ƙarƙashin ruwa: ruwan zai hau cikin kwatar har ya yi daidai da na kududdufin. Haka tiyonka yake a cike da mai tun kafin a tayar da inji. Man da ke fitowa daga turbo sai ya tura wannan kafin ya samu hanya, kumfar da ke cikinsa kuma ba ta da inda za ta huce. Sai ya yi ta taruwa yana hawa, har ya cika gidan boris. Wanda ya bi gefen salansa ya ƙone ya zama shuɗin hayaƙin da kake gani, wanda ya bi gefen iska kuma ya kwanta a intakula, wato abin da ke sanyaya iskar da turbo ya matsa, da bututunta. Dalilin da ya fi yi a silo da lokacin ɗaga ƙafa shi ne a sannan iskar da ke bayan zobban ba ta da ƙarfin da za ta danne man ta mayar da shi ciki.

Gyaran bai kai kuɗin turbo ɗaya ba. A kwance kaskon gaba ɗaya, a kai wa mai walda ya huda shi can sama kusa da baki, sama da inda mai ke tsayawa idan geji ya nuna cikakke, ya liƙa bakin bututu mai faɗin da na ambata. Na ce a kwance shi, don na ga masu hudawa yana jikin inji, su ce sun shafa giris a bakin abin huda ya kama garin ƙarfen. Ba ya kama duka, ragowar kuma famfon mai ne zai tsotse. Bayan walda a wanke kaskon sarai, a zuba masa kananzir a ga ko yana tsatsa. A injinka abin ma da sauƙi, tunda salansa ta gaba take fitowa, gefen lagireto, turbon yana zaune ne kusan saman kaskon. Tiyon ya sauko a miƙe, kullum yana gangara. Kada ya kwanta, kada ya yi ciki kamar igiyar shanya, kada ya karye a lanƙwasa. Shi ma gidan tsakiyar turbon ana iya sassauta shi a juya, don haka a juya shi ramin fitar mai ya kalli ƙasa sosai. Tiyon ruwa kuma a cire shi: robarsa ba ta jure mai mai zafi, takan kumbura daga ciki ta toshe hanya alhali daga waje lafiya lau take. A nemi wanda aka yi don mai, a kare shi daga zafin salansa. Gasket ɗin bakin ramin a sa shi a bushe. Gam ɗin silikon da ake lafta wa komai a garejinmu yakan matso ciki ya cinye rabin ramin.

In bakanikenka bai gamsu ba, ku yi gwaji. A cire ƙarshen tiyon daga kasko, a mayar da notin juye mai, a sa babban tiyo a miƙe zuwa cikin galan mai tsabta, a tayar da inji a silo na ɗan lokaci kaɗan, mutum ɗaya na riƙe da galan, ɗaya na kallon fitilar mai, don man da ya zuba a galan ya bar inji ke nan. Ku ga yawan abin da ke zubowa da kumfarsa, ku kwatanta da ɗan tiyon da kuka ce ya bi. Hayaƙin dai ba zai ɗauke nan take ba, ko bayan an gama gyara, saboda man da ya riga ya kwanta a salansa sai ya ƙone. A wanke intakula da bututunta, a ba mota tafiya mai ɗan nisa kafin a yanke hukunci.

Yanzu batun noti mai ƙaramin rami. Ba ƙarya bakanike ya yi ba, akwai shi, amma yana da inda ake sa shi. Turbo iri biyu ne ta fuskar boris. Akwai mai boris na ƙwallaye, wanda mai kaɗan ya ishe shi. Kamfanin Garrett na Amurka ya ba da shawarar a irin wannan a sa rami mai faɗin kusan milimita 1, yadda ƙarfin man da ke isa turbo zai tsaya tsakanin 40 zuwa 45 a ma'aunin matsi na psi idan inji na kan iyakar gudunsa. Ɗaya irin shi ne mai bushin, wanda sandar ke yawo a kan shimfiɗar mai ba ta taɓa ƙarfe, man kuma shi ne ke kwashe zafi. Yawancin turbon Beljiyam da ake cirowa daga tsofaffin motoci wannan ne, kuma shi ba a saba rage masa mai ba sai an auna an ga ƙarfin ya wuce misali. In ka shaƙe shi da ramin milimita 1, hayaƙi zai iya raguwa, ka ce an dace. Bayan 'yan makonni sandar ta yi shuɗi don zafi, bushin ya cinye, fanka ta fara gogar gida, a nan ne turbon zai mutu da gaske. Don gane wanne ke hannunka, duba lambar da ke jikinsa. In babu, ka juya fankar da yatsa: mai ƙwallaye yakan ci gaba da juyawa sakayau, mai bushin kuwa yakan tsaya da wuri, kuma idan ya bushe yana da ɗan motsi gefe da gefe, wanda ba laifi ba ne matuƙar fanka ba ta taɓa gida. Motsin gaba da baya ne ba a so. Kafin a yi maganar rage mai dai, a ɗaura gejin awo a bakin turbo a karanta, da inji mai zafi, ba mai sanyi ba.

Inda kuka ɗauko man shiga daidai ne, mai ne da ya riga ya ratsa filta. Abu biyu kawai zan ja kunnenka a kai. Haƙoran ramin suwic ɗin a injin Honda irin na Birtaniya ne, 28 a inci, yawancin mahaɗan da ke zuwa cikin kayan turbo kuma na Amurka ne, 27 a inci. Suna kama juna zagaye biyu ko uku, mutum ya ɗauka sun dace, ya ɗaure da ƙarfi ya tsaga bulok. Sannan kada a rataya doguwar mahaɗar tagulla mai nauyi a jikin bulok da suwic da tiyo duk a kanta, girgiza takan karye ta a gindi, mai ya tsiyaye cikin daƙiƙoƙi. A fito da gajeren tiyo, a ɗaure mahaɗar a jikin bodi. Farin tef ɗin nan na masu gyaran famfo shi ma a nisanta shi daga wannan layin, ɗan yankinsa ya isa toshe ramin boris.

Idan aka gyara hanyar fita hayaƙi bai daina ba, sai a duba numfashin injin. Kowane inji yana da iskar da ke sulalewa ta gefen ringi zuwa cikin kasko, kuma da aka ɗora turbo ta ƙaru, balle tsohon inji. In ba ta samu mafita ba sai ta bi tiyon turbo ta hau sama, ta tare man da ke saukowa. Ƙaramin bawul ɗin numfashi da ke haɗe da manifol, wato bututun da iska ke bi ta shiga inji, an yi shi ne don manifol mai tsotsa, yanzu kuwa manifol ɗinka hura iska yake yi, don haka in bawul ɗin ya gaji, turbon da kansa ne ke cika kaskon da iska. A canza shi, a buɗe wa murfin saman inji hanyar numfashi mai faɗi zuwa gwangwanin tara mai. Ka buɗe murfin zuba mai inji na silo: in yana busowa da ƙarfi kamar bakin salansa, ringi ne suka gaji, wannan kuma aikin inji ne, ba na turbo ba. Kada kuma a cika mai ya wuce layin geji, don zai iya rufe sabon ramin da aka huda.

Matatar iska ma tana da hannu, musamman a Kano da hunturu. Idan ƙura ta toshe ta, turbo na ja bai samu iska ba, sai ya tsotso mai ta bayan fankar. Ƙananan matatun nan masu siffar mazurari da ake ɗaurawa don ado ba sa daɗewa kafin su cika.

Akwai motocin da ba yadda za a yi mai ya gangaro da kansa, saboda turbon yana ƙasa da kaskon ko an kai shi can baya kusa da ƙarshen salansa. Su ana sa musu famfo na musamman da ke zuƙe man ya mayar, kamar yadda Porsche ke yi a 911 Turbo. Taka ba ta buƙatar wannan.

Ranar da za ku mayar da turbon, ku zuba mai mai tsabta a ramin sama kuna juya fankar da hannu, sannan ku cire fiyus ɗin famfon fetur ku yi ta ba da kik har mai ya fito ta tiyon ƙasa, kafin a bar inji ya tashi. Ka riƙa amfani da mai mai kyau na sintetik, ka rage tazarar juye shi. In ka taso daga gudu, a ce daga hanyar Zariya, ka bar motar a silo minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, don man da ya tsaya a cikin turbo mai zafi yakan dahu ya zama gawayi, gawayin nan kuma a ramin fitar mai da bakin zobba yake taruwa. Turbon farkon da kuka cire, ka leƙa ramin ƙasansa da tocila. In babu gawayi, fanka ba ta goge gida ba, sanda ba ta motsi gaba da baya, ka wanke shi ka toshe ramukansa ka ajiye.