Tambayi Likita: Kocin ɗana yana gana musu azaba, horo ne ko zalunci?

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka faɗo, wato ƙwallon Amurka da ake bugawa a jami'o'insu, wannan da ake rungume ƙwallo a hannu ana saka hular kwano ana karo da juna. Yawanci daga iyayenmu mazauna can suka zo, shi yasa na haɗa su wuri guda.

Tambaya daga wata uwa: Likita ɗana ya samu sikolashif saboda ƙwallon nan, munyi murna sosai, amma yanzu in ya kira ni muryarsa a shaƙe. Yace wani lokacin ana sa su gudu har sai wasu sunyi amai, wanda ya tsaya kuma a zage shi gaban kowa. Babansa yace haka horo yake in bar yaro ya zama namiji. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Hajiya hankalinki yana da dalilin ƙin kwanciya, amma shi ma Alhaji ba duka maganarsa ce kuskure ba. Wasan nan yana buƙatar wahala, jiki baya ƙarfi sai an matsa masa, kuma koci ya ɗaga murya ko ya sa yaro ya maimaita abu sau goma wannan ba zalunci bane. Inda nake ja layi a matsayina na likita shi ne, idan yaro yace numfashina ya ɗauke ko jiri nake gani, me ke biyo baya? In an tsayar dashi an kira masu kula da lafiya to horo ne, komai tsananinsa. In kuma an ce masa rago ne ya tashi ya ci gaba, an bar horo an shiga wasa da rai.

A ranar 29 ga Mayun 2018 wani yaro ɗan shekara 19 mai suna Jordan McNair na jami'ar Maryland ya fara galabaita ana tsakar gudun tsere a tirenin. Zafi ne ya buge shi, irin wanda jiki ke haifarwa da kansa in an matsa masa fiye da yadda zai iya fitar da zafin. An fi awa ɗaya daga fara alamun kafin a kira motar asibiti, ba a auna zafin cikin jikinsa ba, ba a tsoma shi a ruwan ƙanƙara ba, ko da ya isa asibiti zafinsa ya kai digiri 41. An yi masa dashen hanta amma ranar 13 ga Yuni ya rasu. Shugaban jami'ar Wallace Loh ya fito fili ya ce jami'a ta ɗauki alhakin kurakuran da aka yi, kocin motsa jiki ya ajiye aiki, babban koci DJ Durkin aka dakatar dashi, aka maido shi a ƙarshen Oktoba, washegari kuma aka kore shi saboda ɗalibai da jama'a sun tada ƙura. A 2021 aka biya iyayen dala miliyan 3.5.

Abin da ke ci min rai a wannan labari, ciwon nan kusan kullum ana tsira daga gare shi in an sanyaya jiki cikin minti 30 na farko. Baho da ruwa da ƙanƙara, shi ke nan. Ƙa'idar da muke bi ita ce a fara sanyayawa a filin kafin a ɗauka zuwa asibiti, a bar shi cikin ruwan har zafin ya sauko ƙasa da digiri 39, domin kowane minti da jiki ya yi sama da 40 hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa lalacewa suke. Kuma alamar farko ba lallai faɗuwa bace, sau da yawa yaro zai rikice ne ya fara surutai ko faɗa ko tafiya yana tangaɗi, wanda bai sani ba sai ya ɗauka taurin kai ne ko raini, nan ne kocin da ya saba da zagi yake ƙara masa gudu.

Don haka ki tambayi ɗanki abu uku. Akwai bahon ƙanƙara a gefen fili duk ranar tirenin? Ana barinsu su sha ruwa duk lokacin da suke so? Mai kula da lafiyarsu yana iya tsayar da yaro koci bai so ba? Na ukun nan ya fi muhimmanci, tun 2016 manyan jami'o'in da ke ƙarƙashin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, suka amince cewa maganar likita ita ce ta ƙarshe kan ko yaro zai yi wasa, koci bashi da hurumi.

Tambaya daga wani uba: Yarona AS ne. A gida an ce mana AS lafiyarsa ƙalau sai dai wajen aure a kula. Yanzu makaranta ta sa an gwada shi, ina tsoron kar a cire shi daga tim.

Malam ba za a cire shi saboda wannan ba, gwajin don kariyarsa ne, kuma kar ku ɓoye sakamakon dan Allah. Gaskiya ne mai AS ba mai sikila bane, yana rayuwarsa lafiya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, a baƙaƙen fatan Amurka kuma kamar ɗaya cikin 13. Amma in aka matsa wa jiki matuƙa babu hutu, iskar oksijin ta ragu a tsoka, jini ya yi tsami, ruwa ya ƙare a jiki, wasu ƙwayoyin jinin suna iya lanƙwashewa su toshe ƙananan jijiyoyi, tsoka ta fara mutuwa, sinadarin fotasiyam ya kwarara cikin jini har ya tsayar da zuciya. Yana iya farawa cikin minti biyu uku na gudun da ba tsayawa.

Dale Lloyd na jami'ar Rice ya rasu haka a 2006, kuma ƙarar da iyayensa suka shigar ce ta kai ga NCAA ta fara wajabta gwajin a rukunin farko, wato na manyan jami'o'i, a 2010. Duk da haka a 2014 Ted Agu na jami'ar California a Berkeley ya rasu bayan an sa su hawa da saukar tudu riƙe da igiya, alhali an san AS ne, jami'ar ta amsa sakaci ta biya dala miliyan 4.75. Kenan gwaji kaɗai baya ceton kowa in kocin bai yarda yaro ya tsaya ba.

Ka gaya wa yaron ya san bambancin. Ɗaurewar jijiya ta gajiya tana zuwa da tsoka ta yi tauri tana murɗawa. Wannan kuwa ƙafa ce za ta yi sanyi ta saki, ga ciwon baya ko cinya, ga haki, mutum ya sulale ƙasa yana iya magana, shi yasa ake zaton ƙarya yake. Da ya ji haka ya tsaya nan take ko wa ke ihu. Ya riƙa shan ruwa sosai, kar ya yi tirenin mai tsanani yana zazzaɓi ko asma ta motsa, ya kuma kula in za su je wasa gari mai tudu. Ryan Clark na Pittsburgh Steelers sai da aka cire masa saifa bayan wasa a Denver, gari mai tudu sosai, a 2007, shi ma AS ne. In azumi ya zo ya zauna da likitan tim a tsara masa lokaci, kar ya yi shiru.

Tambaya daga wani ɗalibi: Likita mun dawo hutu aka bamu aikin ƙafa mai nauyi saboda wasu sun makara. Yau kwana biyu cinyata ta kumbura bana iya sauka bene, fitsarina ya koma kamar baƙin shayi. In sha ibuprofen?

A'a ƙanena, kar ka sha, kuma kar ka jira gobe, tafi sashen gaggawa yanzu ka ce a gwada maka jinin tsoka da aikin ƙoda. Abin da ka kwatanta ya yi kama da rabdo, wato tsoka ta farfashe tana zubar da abin cikinta a jini, shi ne ya rina fitsarin kuma yana toshe ƙoda. Ibuprofen da diklofenak ƙara wa ƙodar nauyi suke. Maganin yawanci ƙarin ruwa ne ta jijiya, in an zo da wuri ana warkewa sarai, in an yi jinkiri wasu sai an kai ga wankin ƙoda. Ka kira abokanka ka tambaye su launin fitsarinsu, domin abin nan a tare yake kama mutane. A Janairun 2011 'yan wasa 13 na jami'ar Iowa aka kwantar lokaci guda bayan an sa su tsugunna-tashi 100 da ƙarfe a kafaɗa, a Janairun 2017 kuma uku a Oregon har aka dakatar da kocin motsa jikinsu wata ɗaya. Duka a Janairu, wato bayan dawowa hutu lokacin da jiki ya saki, kamar naka.

Kuma abin da aka yi muku na hukunci da motsa jiki saboda laifin wasu, shawarwarin da NCAA ta fitar a 2019 sun ce kar a riƙa yin haka. Ka faɗa wa likitan tim yadda abin ya faru.

Tambaya daga Kano: Ni ina kallon wasan a intanet. Anya likita ba shagwaɓa yaran yanzu ake ba? Na da da aka horar da tsanani ai su suka ci kofuna.

Na ji ka malam, kuma Amurkawa da yawa haka suke faɗa. Har yau suna ba da labarin sansanin da koci Bear Bryant ya kai 'yan jami'ar Texas A&M a garin Junction a 1954, kwana goma cikin zafin fari ana hana su ruwa a fili, da yawa suka gudu. Amma a wannan shekarar, wasa ɗaya tak suka ci. Hana ruwa baya ƙara wa kowa juriya, jini ne yake kauri zuciya ta wahala, wannan kimiyya ta gama magana a kai. Su ma na da ɗin suna da iyaka, koci Woody Hayes da duk sunansa a jami'ar Ohio State korarsa aka yi a 1978 bayan ya naushi ɗan wasan Clemson. A 2010 jami'ar South Florida ta kori kocinta Jim Leavitt bayan bincike ya ce ya shaƙe wuyan ɗan wasansa ya mare shi, a 2015 jami'ar Illinois ta kori kocinta Tim Beckman kan zargin matsa wa masu rauni su yi wasa.

Abin da nake so ka duba, mafi yawan 'yan ƙwallon jami'a da suka rasu tun shekarar 2000 ba a karo cikin wasa suka rasu ba, a tirenin motsa jiki ne, inda babu abokin hamayya, koci ne kaɗai ke tsara komai. Kuma ka tuna yaron nan ɗan 18 ko 19 ne, karatunsa da abincinsa da ɗakin kwanansa duk suna rataye da yardar mutum ɗaya da ake biya miliyoyin daloli, yaya zai buɗe baki ya ce na gaji? Yanzu da sauƙi kaɗan tunda aka buɗe hanyar sauya makaranta a 2018, amma tsoron bai tafi ba. Ni ban kira wannan shagwaɓa ba wlh.

Tambaya: An buge ƙanina a kai, ya ga duhu na ɗan lokaci, bai suma ba. Yace in ya faɗa zai rasa gurbinsa.

Ya faɗa. Ba sai an suma ba ƙwaƙwalwa ke girgiza, kuma bugu na biyu kafin na farko ya warke yana iya kumbura ƙwaƙwalwa. Ba komawa fili a ranar, sai ya huta kwana ɗaya biyu sannan a riƙa ƙara masa aiki mataki mataki, kowane mataki aƙalla awa 24, in ciwon kai ya dawo a koma baya. In yana ta amai, ko ciwon kan na ƙaruwa, ko barci ya yi masa nauyi, ko hannu ko ƙafa ta yi rauni, asibiti nan take. Likita ɗan Najeriya Bennet Omalu ne ya fara gano cutar ƙwaƙwalwa ta CTE, mai zuwa daga yawan bugun kai, a ɗan ƙwallon Amurka, a gawar Mike Webster a 2002, kuma binciken jami'ar Boston na 2017 ya same ta a ƙwaƙwalwa 48 cikin 53 na waɗanda suka buga a jami'a. Iyalan da suka ga alamu ne suka bada ƙwaƙwalen, don haka ba za a ce kowa haka yake ba, amma ya isa a ji tsoro.

Tambaya ta ƙarshe: Ba duka ake ba, zagi ne kullum da gori a kan ƙiba da tilasta cin abinci. Ɗana ya daina barci ya daina dariya. Wannan ma aikin likita ne?

Sosai ma Hajiya. Rashin barci da janye jiki daga mutane da daina jin daɗin abin da yake so, in sun wuce sati biyu alamun ciwon damuwa ne kuma ana magani. Tsawa kan kuskuren wasa daban, wulaƙanta mutum kan jikinsa ko launinsa ko addininsa daban. Irin rahoton da kafar labaran wasanni ta ESPN ta fitar kan Maryland a 2018 kenan, har da zargin tilasta wa yaro ci sai da ya yi amai, kuma jami'ar Northwestern ta kori kocinta Pat Fitzgerald a 2023 kan cin zarafin da manyan 'yan wasa ke yi wa ƙanana, ko da yake shi ya ce bai sani ba.

Ki ce masa ya riƙa rubuta rana da abin da aka faɗa da waɗanda ke wurin. Jami'o'in suna da ofishin ba ɗalibai shawara wanda baya ƙarƙashin koci, ya fara da can, sannan in yana so ya kai ƙorafi ofishin kula da ɗalibai. Ki tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin cutar da kansa, tambayar bata saka wa mutum tunanin. In ya ce eh, ku kira 988, lambar agajin gaggawa ce ta Amurka dare da rana, kuma wani daga cikinku ya tafi wurinsa a ranar.