Digiri na biyu a tattalin arzikin muhalli ga mai digirin labarin ƙasa

Ka tambaya ko mai digirin farko a labarin ƙasa zai iya yin digiri na biyu a tattalin arzikin muhalli. Zai iya, sai dai sassan tattalin arziki da dama za su nemi ka fara yin diflomar bayan digiri (PGD) a fannin.

Abin da na ga yana kayar da ɗalibai shi ne ƙididdiga. Idan aka ce ka gwada ribar noman rani da ruwan madatsar Tiga da asarar da tare ruwan ke jawo wa masunta da makiyaya a fadamar Haɗeja da Nguru, dole ka mayar da kifi da ciyawa zuwa naira, saboda haka ka koyi manhajar ƙididdiga ta Stata ko R kafin ka cike fom.