Gas ɗin da ake ƙonawa a rijiyoyin mai, zai iya zama dizal?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne wai gas ɗin da ake ƙonawa a banza a Neja Delta ana iya maida shi man da za ka zuba a injin niƙanka can Ringim. Eh ana iyawa, kuma ba sabon abu ba ne, Jamusawa biyu Fischer da Tropsch ne suka gano hanyar tun shekarun 1920. Ana haɗa gas ɗin da tururi ko iskar oksijin cikin zafi sosai ya rabu ya zama haidurojin da kabon monoksaid, sai a bi da shi ta kan sinadarin kobalt ko ƙarfe, daga nan yake fitowa kamar kakin zuma, a tace a samu dizal mai tsabta wanda kusan babu salfa a ciki. A Escravos jihar Delta akwai irin wannan masana'anta ta Chevron da NNPC, ta fara aiki 2014.

To matsalar dai kuɗi ne wallahi, masana'antar nan biliyoyin daloli ta ci, ga rijiyoyin a warwatse cikin fadama kowacce gas ɗinta kaɗan, jan bututu zuwa kowacce asara ce a wajen kamfani shi ya sa suke cinna masa wuta kawai. A nan ne jami'o'i ke shigowa, kamfani ya sa kuɗi da gas na gwaji, malamai da ɗalibai su nemo sinadari mai araha da ƙaramin inji da za a ɗora a tirela a kai bakin rijiya. Amma fa kar ka sa ran farashin dizal a kasuwar Ringim zai sauko saboda wannan nan kusa.