Hukuncin Ɗauko Rubutun Wani a Intanet a Sa Masa Suna

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a Garwa ta ƙasar Kamaru, ina shekarar ƙarshe a jami'a, da yamma kuma ina karantar da yara a wata Islamiyya. Nakan ɗauko fa'idoji daga shafukan Larabci, in mayar da su Hausa, in tura wa jama'a ta WhatsApp da sunana a ƙasa. A kundin kammala karatuna ma, wanda muke kira memuwar, akwai shafuka da na kwaso daga intanet ban faɗi masu su ba, kuma ban riga na miƙa shi ba. Wani abokina ya ce babu laifi, domin hikima ɓatacciyar dukiyar mumini ce, duk inda ya same ta nasa ce. Mene ne hukuncin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, yaɗa ilimi ibada ce, amma jingina wa kanka wahalar da wani ya sha haramun ne, kuma waɗannan abubuwa biyu ne da abokinka ya cakuɗa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar cewa wata mace ta tambayi Annabi (SAW) ko da laifi ta nuna wa kishiyarta cewa mijinsu ya ba ta abin da bai ba ta ba, sai ya ce mai tinƙaho da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafi biyu ne na ƙarya. Idan wannan shi ne hukuncin alfahari tsakanin kishiyoyi a cikin gida, to ina ga wanda ya yafa rigar malanta ta wani a gaban ɗaruruwan mutane? Allah kuma ya zargi masu son a yabe su da abin da ba su aikata ba a aya ta 188 cikin Suratu Ali Imrana.

Maganar da abokinka ya kawo Tirmizi ya ruwaito ta, ya kuma nuna rauninta. Ko da ta inganta, ma'anarta ita ce ka karɓi gaskiya daga bakin duk wanda ta fito, babu inda ta ce ka goge sunansa. Ai tsintuwa ma shari'a ta ce a yi cigiyarta shekara guda, balle abin da sunan mai shi ke rubuce a kansa.

Abin da ya fi damuna a wannan mas'ala ya wuce haƙƙin marubuci. Addininmu da isnadi ya iso mana, wato wane ya ji daga wane. Abdullahi ɗan Mubarak, wanda ya rasu a shekara ta 181 bayan Hijira, ya ce isnadi yana cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Lokacin da ka cire sunan mai magana ka sa naka, ka yanke igiyar da mai karatu zai bi ya tantance, domin ya karɓa ne saboda ya san ka kuma ya yarda da kai, alhali mai asalin rubutun yana iya zama wanda kai kanka ba ka san aƙidarsa ko zurfin karatunsa ba. In akwai kuskure a ciki ya hau wuyanka, in kuma daidai ne ka hana mai shi addu'ar da zai samu. Shi ya sa Ibn Abdil Barr ya kawo cewa yana daga albarkar ilimi a jingina magana ga mai ita, Alƙurɗubi kuma ya sharɗanta wa kansa haka a farkon tafsirinsa. Suyuɗi, wanda ya rasu a 911 bayan Hijira, har risala ya rubuta don bambance mawallafi da ɓarawo. A nan ƙasashenmu ma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi, Ida'un Nusukh, don ya lissafa malaman da ya yi karatu a gabansu, kuma har yau almajirin zaure a Garwa ko Marwa ko Ngaundare, in an ce ya karanta Risala, abin da ake fara tambaya shi ne a wurin wa.

Ba kowace kalma ce take buƙatar ambaton tushe ba. Cewa salloli biyar ne, ko ramadan wata ne na tara, kowa ya sani. Mai huɗuba ma ba a ɗora masa ya ambaci kowane littafi da ya duba, matuƙar bai yi da'awar shi ya ƙirƙiro ba. Fassara kuwa aiki ce, kana da damar sa sunanka a matsayin mai fassara, sai dai ka ce rubutun wane ne, ni na mayar da shi Hausa. Rubuta “an ɗauko” a ƙasa yana fitar da kai daga ƙarya, amma bai wadatar ba idan ka san sunan mai shi.

Akwai wata dabara da ta yawaita wadda nake so ka kiyaye, ita ce mutum ya ga magana a wani shafi tare da sunan littafi da mujalladi da lambar shafi, sai ya kwashe su duka kamar shi ya buɗe littafin. Wannan ɗan'uwan tadlisi ne da malaman hadisi suka aibata, wato mai ruwaya ya ɓoye ainihin wanda ya ji hadisin daga bakinsa. Ka faɗi inda idonka ya gani, ka ce wane ya naƙalto daga littafi kaza. Haka abin da manhajoji irin ChatGPT suke rubuto maka, domin sukan ƙago hadisi ko sunan littafin da babu shi, kuma Muslim ya ruwaito cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji.

Kundinka ya fi saƙonnin nauyi, saboda malamanka za su ba ka shaida ne a kan cewa aikinka ne, da ita kuma za ka nemi aiki gobe, wataƙila ka sha gaban wanda ya kwana yana bincike. Wannan algus ne, kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Babu haddin sata a kansa, domin ba dukiya aka fitar daga ma'ajiyarta ba, amma hukuma tana da ikon ladabtarwa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa abin kariya ne a shari'a, Kamaru kuma tana da dokar haƙƙin mawallafa ta shekarar 2000, wadda bin ta bai saɓa wa addini ba.

Tunda ba ka miƙa kundin ba, ka koma kan waɗannan shafuka, abin da ka kwaso kalma da kalma ka sa masa alamar naƙali da sunan marubuci da adireshin shafin da ranar da ka duba, abin da ka kasa gano mai shi ka cire. Saƙonnin da suka riga suka bazu ba a ɗora maka bin kowace waya ba, ya ishe ka ka tuba, ka gyara waɗanda hannunka yake iya kaiwa gare su, sannan ka sanar da waɗanda kake tura wa cewa fa'idojin baya fassara ce ka yi, ka ambaci masu su gwargwadon abin da ka tuna.

Wallahu a'alam.