Amsa ga Yaya a kan romon miso da yaranmu ke sha

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Na ji saƙonki. Kin ce labari ya iso muku cewa yaranmu na Japan sun manta koko da ƙosai, wani ruwan ɗumi mai ganye-ganye suke kurɓa da sassafe, har kina tambaya ko halal ne ma. Wanda ya kawo labarin bai yi ƙarya ba. Suna sha, ni ma ina sha, kuma cikin 'yan gidajen Hausawa da na sani a yankin Nagoya, da wuya ki buɗe firji ba ki ga robar miso ba.

Shi miso ƙulli ne mai kauri. Waken suya ake dafawa a niƙa, a haɗa da gishiri da wata fumfuna ta musamman da suke kira koji, wadda ake renonta a kan shinkafa ko sha'ir ko shi kansa waken, sannan a rufe a bar shi ya tsumu, wani wata biyu, wani shekara da shekaru. In kin shinshina, daddawa ce za ta faɗo miki a rai, sai dai ya fi ta gishiri nesa ba kusa ba, ƙamshinsa kuma bai kai nata ƙarfi ba. Kowane yanki da nasa. Na Kyoto fari ne mai zaƙi-zaƙi, mutanen Kyushu sun fi yi da sha'ir, lardin Nagano kuwa shi kaɗai ke fitar da kusan rabin abin da ƙasar ke yi. Namu na nan lardin Aichi baƙi-baƙi ne, waken suya zalla. A garin Okazaki har yau akwai gidaje biyu da ke cusa tan 6 a randar katako, su jera duwatsu tan 3 a kai da hannu, ba za su buɗe ba sai ya haura shekara 2. Baƙo ba ya son wannan a kurɓar farko, yana da ɗan ɗaci. Ni kam yanzu farin ya koma mini salam.

Girkin ba wuya, minti goma ya isa. Ruwan da ake ɗorawa a kai shi ne dashi: a jiƙa ganyen teku mai faɗi da ake kira kombu, a cire kafin ya tafasa, a watsa kankararren busasshen kifi, a tace. Matan da ke aiki, kuma su ne mafi yawa, garin dashi na leda suke barbaɗawa. Af, farin magin nan da ake ta cece-kuce a kansa a gida, daga wannan tukunya ya fito. Wani malamin jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, shi ya tsamo sinadarin ɗanɗanon daga kombu a 1908, shekarar da ta biyo aka fara sayar da Ajinomoto.

Cikin dashin sai ki zuba abin da ya samu: awara mai laushi wadda ba a soya ba, kabewa, dankali, kabeji, alayyahu, kuɓewa in lokacinta ne, da lawashi a kai. In sun nuna, sai a kashe wuta. Nan ne maƙwabciyata, wata tsohuwa da ta koya mini, ba ta yarda da wasa. Za ta ɗebi miso cokali ɗaya ga kowane kwano ta sa a ludayi, ta tsoma ludayin rabi cikin ruwan, tana damawa da tsinkayen cin abinci har ya narke kaf. Ba a sake tafasawa, don ƙamshin gudu yake yi. Mu da muka saba barin miya a wuta har mai ya taso sama, wannan ne ya fi mana wuyar koyo.

Ba a zuba shi a kan shinkafa, ba a kuma sa cokali. Shinkafa a hagu, kwanon romo a dama, ka ɗaga kwanon ka kai baki, ka tsamo awarar da tsinke. Shinkafarsu ba mai ba gishiri, wannan romon ne ke wucewa da ita. Tsarin da suke alfahari da shi romo ɗaya ne da mahaɗi uku, amma gaskiyar gidajen mutane, sau da yawa shinkafa ce da romo da yankin kifi, shi ke nan. Ban ga laifin abincin da talaka da mai kuɗi ke sha iri ɗaya ba, mai arha, mai saurin dahuwa, wanda kuma ke shigar wa yaro ganye ciki ba tare da rigima ba. Aibinsa gishiri. Kwano ɗaya ya ɗara gram 1, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da gram 5 ta ce a yini. Tun da aka ce baban yara yana da hawan jini na rage masa zuwa sau ɗaya a rana.

To, batun halal. Wake da gishiri da kifi ba su da matsala. Wurare biyu muke sa ido. Na farko, kamfanoni da yawa na ƙara ɗan barasa a robar don tsimin ya tsaya kada ta kumbura a kanti. Suna rubuta shi a baya, shusei, kuma wannan rubutu yana cikin abin da muke fara nuna wa duk baƙon da ya zo karatu, tun kafin ya iya gaisuwa. Malamai sun yi saɓani a kan irin wannan ɗan kaɗan ɗin. Yawancinmu mun hutar da kanmu, muna sayen wanda ba a ƙara masa komai ba, ko mai tambarin halal. Na biyu, akwai tonjiru, romon miso ne da naman alade, kuma da sanyi ya shigo ko'ina shi ake yi, har a makaranta. Makarantun firamare na gwamnati su ke ciyar da yara da rana, suna kuma aiko da jadawalin wata. Sai in zauna da jan biro ina zagaye ranakun da zan ɗaura wa yaran nasu daga gida. Su asari da shijimi, 'yan halittun ruwa masu ɓawo da ake sawa a romon, mu Malikawa muna ci. 'Yan'uwanmu na Pakistan da muke haɗuwa a masallacin Nagoya, da yake Hanafawa ne, da yawansu ba sa taɓawa.

Kada Inna ta ɗauka tuwo ya mutu a gidan nan. Ranar hutu ina tuƙa shi da garin shinkafa, kuma autan ya fi kowa suɗe kwano. Baban yara ma ba ya shan miso sai ya barbaɗa yaji, abin da ya sa tsohuwar nan riƙe baki. Da azumi kuwa, in ya faɗo cikin sanyi, ba abin da ke buɗe hanji bayan dabino kamar kwano ɗaya mai zafi.

In mai zuwa ya samu, a haɗo mana garin kuka da daddawa. Amma don Allah kada a sa kilishi ko dambun nama, ko ƙanƙani. An hana shigowa da nama ba takardar hukuma, akwai karnuka masu sansanar kaya a filin jirgi, kuma tun 2020 tarar tana iya kaiwa yen miliyan 3. A gaida Inna da kowa da kowa.