Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya a kan kwalin Kirsimeti da tsarabar gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yar'uwa, na ga tambayarki tun daren jiya, amma na bari sai da na rufe shago na sami natsuwa kafin in amsa. Kin ce kina aikin jinya a wani asibiti a nan Jidda, kuma wata abokiyar aikinki 'yar ƙasar Filifin ta fashe da kuka a gabanki saboda bashin da ta ci don ta cika kwalin Kirsimetin da za ta aika gida, tana cewa bikin nasu ya koma kasuwa. Kin ce da farko kin yi hamdala a ranki cewa mu ba haka muke ba, sai kuma kika tuna da sunaye 43 da ke rubuce a wayarki na masu jiran tsaraba idan kin je hutu. Kina jin daɗin yin kyauta, kuma kina jin ta shaƙe ki, shi ya sa kike tambaya ko ki daina gaba ɗaya. Tun da kin faɗa cewa ba fatawa kike nema ba, zan tsaya a kan abin da idona ya gani.

Shekarata 19 ina aikin kago a kusa da kasuwar Bab Sharif, ina auna kaya, ina ɗaure kwalaye, ina rubuta rasit. Da wannan kasuwar da muke kuka da ita nake ciyar da iyalina, saboda haka ki saurari maganata da sanin cewa duk lokacin da mutane suka cika jaka fiye da kima, ni riba nake ci. Shagonmu yana maƙwabtaka da na masu aika kaya zuwa Manila, babban birnin Filifin, kuma shekarun nan sun sa na san lokacin kowa kamar yadda manomi ya san damina. Mutanenmu da 'yan Sudan suna cika mana ƙofa kafin azumi da bayan Hajji, su kuwa 'yan Filifin nasu lokacin Satumba da Oktoba ne, domin kwalin da suke kira balikbayan ta jirgin ruwa yake tafiya, yakan yi wata guda ko biyu a hanya, kuma a ƙasarsu tun daga Satumba ake fara shirin Kirsimeti.

Na sha leƙa cikin waɗannan kwalaye idan ana ɗaure su. Ba zinariya ba ce a ciki. Sabulun wanka ne, da man goge baki, da naman gwangwani, da cakulan, da tawul, da takalma, waɗanda mace ta yi wata shida tana tarawa a ƙarƙashin gadonta, duk ƙarshen wata ta ƙara abu ɗaya ko biyu. Wata shekara na ga wata daga cikinsu ta ciro farar takarda daga jakarta, an zana tafin ƙafar yaro a jiki da biro, ta ɗora sabon takalmi a kan zanen tana dubawa ko zai shiga. Ɗanta ne, rabonta da shi shekara uku, ba ta san lambar ƙafarsa ba sai da kakarsa ta dafa ƙafar a kan takarda ta zana ta aiko. Tun daga ranar na daina yi wa waɗannan kwalaye kallon almubazzaranci kawai. Mutumin da ke nesa ba shi da hannun da zai shafa kan ɗansa, sai ya aika da abin da ɗan zai taɓa.

Duk da haka abokiyar aikinki ba ta yi ƙarya ba, kuma ba ita ta fara wannan kuka ba. A wurin Kiristoci asalin kyautar wannan lokaci yana komawa ga labarin masanan da suka zo daga gabas da zinariya da lubban da mur, da kuma wani limaminsu mai suna Nikolas da ya rayu a garin Mira, a ƙasar Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4, wanda aka san shi da taimakon matalauta a ɓoye. Daga shi aka samo tsohon nan mai farin gemu da jan kaya, wanda tallan Coca-Cola ya yaɗa hotonsa a duniya tun daga 1931. Mutumin da ya yi suna da ɓoye kyautarsa shi ne ya zama tambarin kantuna. Manyansu ma suna ganin haka, domin a Disambar 2022 Fafaroma Francis ya roƙi mabiyansa su rage kashe kuɗi a kan kyaututtuka da shagali, su aika abin da suka rage ga mutanen Yukren da yaƙi ya ɗaiɗaita. Ni kaina Kirsimetin da na sani ina yaro a Sabon Garin Zariya kwanon shinkafa ne da miya da yankan kaza biyu da cincin, wanda maƙwabtanmu ke aiko da shi a rufe da faranti, mu kuma idan Babbar Sallah ta zo a ba ni naman layya in kai musu. Ban taɓa jin wani ya ci bashi a kan wannan kwano ba.

Waɗanda suka daɗe a ƙasar nan sun san cewa a da bishiyar Kirsimeti a ɓoye ake sayar da ita, sai wanda mai shago ya yarda da shi. Bayan an rage ƙarfin 'yan Hai'a, wato hisbar Saudiyya, a 2016 abubuwa suka sassauta a hankali, yau ga ta nan a manyan kantuna, wani lokaci da sunan kayan adon hunturu. Abin da nake so ki lura da shi shi ne, ɗan kasuwa bai damu da bikin wane ne ba. Rangwamen da Amurkawa ke kira Baƙar Juma'a, da ya iso ƙasashen Larabawa a 2014 ta hannun kamfanin Souq, sai aka mai da shi Farar Juma'a don girmama ranar, wani kamfanin kuma ya ce tasa Rawaya ce. Launi ne ya sauya, amma manufar tana nan. Kantin da ya rataya taurari a Disamba shi zai rataya fitilu da jinjirin wata a Sha'aban, kuma manhajojin sayi yanzu ka biya daga baya, irin su Tabby da Tamara, a buɗe suke ga mai azumi da mai Kirsimeti. Ko idiyyar da Hausawan Makka da Larabawa ke ba yara ranar Sallah, wadda muke kira goron Sallah a gida, da sabuwar takardar riyal biyar ce ake miƙa wa yaro a hannu, yanzu sai an saya mata ambulan mai ado da ɗan akwati, har kuɗin marufin ya kusa kamo abin da ke ciki.

Amma ba sai mun je kanti ba kafin mu ga namu ciwon. Namu sunansa tsaraba. Bayan wani Hajji wata dattijuwa ta zo shagonmu da rarar kaya, domin a lokacin jakar alhazai kilo 32 ce babba, ƙaramar kuma kilo 8, tata kuwa ta zarce nesa ba kusa ba. Da na faɗa mata kuɗin kago sai ta zauna a ƙasa ta kwance ƙullin bakin zaninta, abin da ke ciki bai kai rabi ba. Ta buɗe jakar a gabana: huluna, da carbi dami-dami, da kwalli, da 'yan zobba, da dardumai masu arha, da jallabiyoyin yara, yawancinsu ƙirar Sin, irin waɗanda za ta samu a Kantin Kwari ko kasuwar Kurmi ba tare da ta biya kuɗin jirgi ba. Na ce mata, "Hajiya, ki rage hulunan nan mana." Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, kowace hula da mai ita. Wanda na hana, shi zai ce na je Makka na manta da shi." A ƙarshe nata zannuwan ta cire ta bar su, ta tafi da hulunan. Ta kuma gaya mini cewa kwanakinta na ƙarshe a Makka yawancinsu a kasuwa ta yi su, ba a Harami ba, kuma ta faɗi haka ne da ƙwalla a idonta. Kuɗin da ta yi shekaru tana tarawa don ta ga Ka'aba, tsoron bakin mutane ya cinye mata kwanakinsa.

Ni ma na faɗa wannan rami, kuma da idona a buɗe. A hutuna na 2019 na ranci riyal 6,000 a hannun wani abokina don kada a ce ɗan Saudiyya ya dawo hannu rabbana. Kwana 30 gare ni a gida, na yi kusan goma ina rabon kaya da ba da haƙuri, saboda wannan ta ga turaren waccan ya fi nata girma, wancan kuma ya ji an ba ƙaninsa agogo shi an ba shi hula. Abin da ya fi ci mini rai shi ne takalmin da na saya wa 'yata ta fari, mai tsada ne, amma bai shige ta ba, domin ƙafar da na sani ta shekara biyu da suka wuce na saya wa. Mutum 60 na riƙe a kaina, na kasa tambayar lambar ƙafar 'yata. Na dawo na yi wata bakwai ina biyan bashin, a watannin nan kuma kuɗin cefanen da nake aika wa gida ya ragu, wato su ɗin da na je burgewa su suka biya.

Ga kuma lissafin da mutanen gida ba sa gani. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 a kan dala ɗaya, ita kuwa naira tun da aka sake ta a tsakiyar 2023 ta yi ta zubewa har riyal ɗaya ya kai naira 400 a 2024. Ɗan'uwa yana jin albashinki sai ya buga a waya, ya ga miliyoyi. Ba ya buga kuɗin haya, ba ya buga harajin kaya da ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari a Yulin 2020, ba ya buga riyal 400 da mai iyali ke biya duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa. Laifin ba nasu ba ne su kaɗai, domin mu ma ba ma faɗa, mun fi son a ci gaba da ganinmu a matsayin waɗanda suka samu.

Duk da wannan, ban ba ki shawarar ki daina ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mu yi wa juna kyauta za mu so juna, kuma ya hori mata da kada maƙwabciya ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta ko da ƙofaton akuya ne. Akwai gwaggo a ƙauye wadda ƙwayar dabino bakwai da kurɓin zamzam daga hannunki za su sa ta yi mako tana sa miki albarka, kuma hana ta wannan da sunan yaƙi da kasuwa zalunci ne. Abin da ya lalace shi ne lokacin da kyauta ta koma haraji, mai bayarwa yana bayarwa don tsoro, mai karɓa yana juya ta yana neman farashi. Mun san irin wannan a bikin mata, inda ake rubuta gudummawa a littafi don a mayar da ninki, har zumunci ya koma adashe.

Abin da nake yi tun bayan 2019 shi ne, ina yanke adadin kuɗin tsaraba kafin in taka kasuwa, daga abin da ke hannuna, ba daga albashin watan gobe ba. Mahaifiyata da matata da 'ya'yana ina kiransu in tambayi abin da suke buƙata, da lamba da launi, ko da hakan ya kashe daɗin ba-zata. Mahaifiyata ta taɓa cewa na'urar gwajin hawan jini take so, abin da ban taɓa tunani ba, kuma har yau tana kusa da matashinta. Sauran dangi da maƙwabta kuwa abu ɗaya nake yi wa kowa, dabino mai kyau a ƙulla daidai wa daida, ga kuma galan ɗin zamzam mai lita 5 da ake bari a hau jirgi da shi ga wanda ya yi Umra, a zuba wa duk wanda ya zo sannu da zuwa. Shekarar farko an yi gunaguni, wata ma ta ce Saudiyyar tawa ta ƙare. Na haɗiye, na je gidanta na zauna awa biyu muna hira, abin da ban taɓa samun lokacinsa ba a shekarun rabon kaya. A shekara ta uku babu wanda ya sake tayar da maganar. Ki duba sunayen nan 43, ki ware waɗanda nauyinsu ke wuyanki da gaske, za ki ga da wuya su wuce goma. Kuma idan wani ya dawo daga tafiya, mu ma mu koya wa bakinmu tsayawa a kan "sannu da hanya" ba tare da mun ɗora "ina tsarabata" ba, ko da wasa ne, domin matafiyin ba ya jin ta a matsayin wasa.

Game da abokiyar aikinki, kada ki ce mata ta daina aika kwali, domin wataƙila akwai zanen ƙafa a jakarta ita ma. Ki zauna da ita ku lissafa bashin, ku ga wata nawa zai ɗauka, ki kuma ba ta labarin sunayen da ke wayarki don ta san ba ita kaɗai ba ce. Idan kwalin bai tafi ba tukuna, ku auna shi a gida kafin a kai shago, ta cire shinkafa da sukari da duk wani abu mai nauyi da ake samu a garinsu, ta aika kuɗinsa ta banki. Ranar da za ta kai shi kuma, in kin sami sarari ki raka ta, domin na lura da cewa bayan an manne kwalin an ɗora shi a mota, yawancinsu sukan daɗe a tsaye a bakin titi kafin su iya tafiya.