Amsa ga ɗan'uwan da ya gaji fadama a wajen Misau

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka: ka gaji fadama, ruwa na kwanciya a cikinta duk damina, 'yan'uwa suna cewa a zuba mata ƙasa a yanka filaye a sayar, kai kuma ka ji wai gwamnati na biyan masu irin wannan wuri don su bar shi yadda yake. Ni manomin rani ne a ɓangaren Dadin Kowa, na daɗe ina cin abinci a fadama, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Don Allah kada ku cike ta. Ruwan da ke kwanciya a wurin ba zai fasa zuwa ba don an zuba jar ƙasa. Hanya zai nema, kuma gidajen da aka gina ko gonakin maƙwabta zai bi. Na ga unguwar da aka cike kududdufinta aka yi gini, yanzu duk Agusta mata na kwashe ruwa daga ɗaki da bokiti, katangu sun jiƙe har gwiwa, ga rijiyoyin da ba su taɓa ƙafewa ba suna ƙafewa tun kafin bazara ta yi nisa. Fadamar ce ke riƙe ruwan tana shayar da ƙasa a hankali.

Maganar biya kuwa, akwai ƙamshin gaskiya, amma ba a nan ba. A Amurka, tun dokar noma ta 1990 gwamnati ke ƙulla yarjejeniya da manomi, ta biya shi ya mayar da gonarsa dausayi. Mu tsarinmu daban ne, ta hannun ƙungiya tallafi ke zuwa. Haka shirin Fadama na Bankin Duniya ya yi tun shekarun 1990: ku haɗu, ku yi rajista, ku kawo naku kason, a taimaka muku da injin ban ruwa da haƙa rijiya. Yanzu kuma ga wani shirin na Bankin Duniya mai suna ACReSAL, na dala miliyan 700, a jihohin Arewa 19 da Abuja, wanda burinsa farfaɗo da hekta miliyan 1 ta ƙasar da ta lalace. Bauchi na ciki. Ka tara maƙwabtan fadamarka, ku sanar da dagaci, ku nemi malamin gona ya nuna muku ofishin. Mutum ɗaya da ƙafarsa ba ya samun kunne. A ganina wannan gazawa ce ta gwamnati, domin wanda ya haƙura da kuɗin fili saboda amfanin gari duka ya cancanci a saka masa kai tsaye.

Kana ma da hujja a hannu. Tabkin Maladumba na nan ƙasarku ta Misau, kuma tun 2008 yana cikin jerin Ramsar na dausayin da duniya ta amince a kare. Ku ambaci haka in kun je.

Kafin nan, gyara takardunka. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, a karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da takardar mallaka. A raba gadon a rubuce, da shaidu.

Abin da zai fi ba ka wahala shi ne kachala, doguwar ciyawar nan da ke mamaye ruwa. Mutanen Hadeja da Nguru sun ɗanɗana: bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya tafiyar ruwa, ta toshe musu hanyoyin ruwa, ta zama gidan tsuntsayen jan baki masu cinye shinkafa da gero. Ƙone ta ba ya kashe ta, sai ma ta dawo da ƙarfi. Mu yankan ta muke yi a ƙarƙashin ruwa, yadda kututturen zai nutse ya ruɓe, kuma sai an maimaita. Aiki ne na gayya, ka shiga ruwa har ƙugu da lauje, ga matsattsaku.

Kada ka nome har bakin ruwa. Bar ciyawa da itatuwa a gaɓa su tare yashi. Shinkafa da damina, albasa da tattasai da rani, in ruwa ya ja baya ga tarwaɗa a kwari. Sannan ka bar wa Fulani hanyar mashaya, ku zauna da arɗo ku yi iyaka tun kafin ka dasa albasa. Allah ya sa albarka a gadon.